Ƙwaƙwalwa da Janareta Mai Arba'in

Da a ce baki ne ke tada inji, da tuni Ƙwaƙwalwa ya haska gari da kewayensa. Sunan ya samo shi ne daga halinsa. Duk maganar da aka ɗauko, ta jirgin sama ce ko ta ciwon haƙori, sai ya ƙwanƙwasa goshi da ɗan yatsa ya ce, "Ai wannan aikin ƙwaƙwalwa ne." Biro uku ne a aljihun gaban rigarsa, da testa mai jan kai wadda ba a taɓa ganin ya ɗora ta kan waya ba. Ya taɓa zaman wata huɗu a shagon masu gyaran fanka, aka sallame shi da girma da arziki bayan ya haɗa wata fanka ta koma juyawa da baya. Tun daga nan yake amsa Injiniya in an kira, in ma wani ake kira yakan waiga.

Sa'a ɗaya ya yi a duniya, ya auri Auta, ƙaramar 'yar Baba Kafinta, mai wurin tsaga katako a ƙarshen layi. Auta a cikin garin katako ta yi rarrafe, tana iya gane ɗanyen katako da busasshe daga ƙarar da ya yi in an jefar da shi ƙasa. Shekara tara da auren, 'ya'ya uku, amma har yau in Ƙwaƙwalwa ya shiga wurin aikin ma'aikata kan gaishe shi ba tare da sun ajiye abin da ke hannunsu ba. Abin yana ci masa rai ƙwarai. Shi dai burinsa wata rana ya shigo da makulli a hannu, kowa ya miƙe.

Ana nan sai ciwon baya ya fara ba Baba Kafinta wahala. 'Ya'yansa maza kuwa kowa ya kama gabansa, ba mai sha'awar ƙura. Ga wani ƙaton zarton inji ɗan gwanjo da tsohon ya sayo, mai moto kamar ganga, wato injin lantarkin da ke juya shi. Wutar layin ba ta iya motsa shi, wata huɗu yana lulluɓe da tamfol, kaji har sun fara ƙwai a ƙarƙashinsa.

Ƙwaƙwalwa ya je gida ya durƙusa gaban surukinsa.

"Baba, a bar min zarton nan. Janareta kawai yake so."

Baba Kafinta mutum ne mai tsadar magana. Ya daɗe yana kallon biro ukun nan kafin ya ce, "Asabar zan zo. In zarton ya tsaga gungume ɗaya a gabana, makullin wurin naka ne, ni in kwanta in ji da bayana. Amma ka fara zuwa wajen Mai Kwayil, shi zai faɗa maka girman janaretan da za a ɗauko."

"An gama, Baba."

Rabin farko na maganar ya shiga kunnensa ya zauna daram. Rabi na biyu kuwa ta ɗayan kunnen ya fice.

Ranar Litinin da safe ya yaye tamfol, ya tofa yawu a kan ɗan farantin ƙarfen da ke jikin moton, ya goge da gefen riga. Ya karanta da ƙarfi don Dogo ya ji, wato babban ma'aikacin wurin, wanda ya shekara ashirin yana tura gungume bakin zarto.

"Ƙarfin doki arba'in. Shi ke nan, lissafi ya ƙare. Janareta mai KVA arba'in za a ɗauko. Arba'in da arba'in, daidai wa daida."

Bai je wajen Mai Kwayil ba, Mai Kwayil ne ya zo, don Auta ta riga ta yi masa waya. Dattijo ne mai gyaran moton inji in ya ƙone, shagonsa na bayan layi, yatsunsa duk sun yi baƙi da fenti da wayar tagulla. Ya tsuguna ya duba farantin, ya miƙe yana dafa gwiwa.

"Mai ɗari za ka nemo," in ji shi. "Ko mai saba'in, in haɗa maka akwatin da zai tada shi a hankali, mataki biyu."

Ƙwaƙwalwa ya yi wata 'yar dariya ta tausayi. "Dattijo, da girmanka. Waɗanda suka ƙera abin ne suka rubuta arba'in. Da ɗari yake so ai da ɗari suka rubuta."

"Doki daban, KVA daban, ba mudu ɗaya ake auna su da shi ba. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, ka taɓa tura amalanke cike da bulo?"

"Allah ya sawwaƙe."

"Shi ya sa. Tada ta daga tsaye shi ne aikin, in ta miƙe ko da hannu ɗaya ka tura ta. Haka moto yake. Lokacin tashi yana zuƙar wuta wajen ninki shida na abin da yake sha in ya kama gudu. Daƙiƙa kaɗan ne, amma a cikinsu ƙaramin janareta ke mutuwa."

"Mai ƙafa lamba arba'in," in ji Ƙwaƙwalwa yana ɗaga yatsa, "takalmi lamba nawa ake saya masa?"

"In ƙafar tana kumbura ninki shida duk safiya fa?"

Dogo ya juya baya yana tari irin na mai haɗiye dariya. Ƙwaƙwalwa ya ƙwanƙwasa goshi. "Wannan aikin ƙwaƙwalwa ne, Dattijo, ba na naɗa waya ba."

"To Allah ya ba da sa'a," in ji Mai Kwayil. "Shagona dai yana nan inda ka sani."

Talata ya tafi wajen masu janareta. Shi kansa mai sayarwar, da ya ji abin da za a ja da shi, sai da ya ajiye tsumman hannunsa ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba zai ɗaga shi ba."

Ƙwaƙwalwa ya ƙanƙance ido. "Mai Kwayil ya yi maka waya ko?"

"Wane ne Mai Kwayil?"

"Haka za ka ce mana. Ɗora min shi a mota."

Da yamma aka sauke janaretan a ƙofar wurin aiki, layi ya fito kallo. Ƙwaƙwalwa ya tsaya da hannu a ƙugu yana ba direba umarnin da direban ba ya ji. Ganin jama'a sai kyauta ta motsa masa. Ya kira mai askin da ke jikin katangarsu, ya kira Uwar Biyu mai sayar da ruwan sanyi a tsallaken titi, wadda ke da firji biyu da baki ɗaya da ya fi su aiki.

"Daga gobe kun daina kukan wuta," ya ce. "Zan ja muku waya. Abin da zai rage wa injin nan ma ya ishi layin nan kaf."

"Allah ya saka da alheri, Injiniya," in ji mai aski.

Uwar Biyu ta zagaya janaretan tana leƙe. "Ni dai na ga kamar wancan na cikin tamfol ya fi shi ƙiba."

"Ba a ƙiba take ba, Uwar Biyu."

"Haka mijina ke cewa, har yau ni ke ɗaukar buhu."

Laraba da hantsi aka yi gwajin farko. Janaretan ya tashi da bugu ɗaya, ƙararsa sumul, fitilar shagon aski ta kama, firjin Uwar Biyu duka biyun suka fara gurnani. Ƙwaƙwalwa ya dubi Dogo ya ɗaga gira. Ya nannaɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya danna koren maɓallin moton.

Moton ya ce "huuum". Janaretan ya yi wani irin nishi kamar an zauna masa a ciki, fitilu suka yi ja suka dusashe, sai ga "ƙas!", abin katse wuta ya faɗi. Zarton bai yi ko rabin juyi ba. Daga can shagon aski aka ji wani mutum ya ƙwalla ƙara, injin askin ya tsaya da gashinsa a baki.

"Injiniya!" mai aski ya leƙo ta kan katanga. "Me ya faru?"

"Gwaji ne! Sabon inji sai ya san mai shi."

"To ka gaya masa ya san kwastomana ma!"

Sau biyar ya danna, sau biyar abin katse wutar ya faɗi. Mutumin da ake wa aski ya tafi da rabin kai, yana rantsuwar ba zai sake bin layin ba. Ƙwaƙwalwa ya tsoma yatsa cikin tanki, ya shinshina, ya girgiza kai cikin takaici. An cuce shi, man dizal ɗin gauraye ne. Aka juye shi tas aka zuba sabo. Ya danna, "ƙas!"

Alhamis ya gano ainihin mai laifin. Abin katse wutar ne matsoraci, da ya ji nauyi sai ya gudu. Dogo ya ce shi dai a iya saninsa don haka aka sa shi, amma wa ya tambayi Dogo? Ƙwaƙwalwa ya samo wayar tagulla mai kauri ya haɗe gaba da bayan abin, ta yadda ko ya faɗi wuta za ta wuce. A karon farko a tarihi aka ga testar nan ta fito daga aljihu, ya kwance noti da ita.

Ya danna. Wannan karon ba "ƙas". Moton ya yi gurnani, bel ɗin da ke juya zarton ya motsa, haƙoran zarton suka fara rarrafe ɗaya bayan ɗaya. Janaretan ya shiga rawar sanyi a kan ƙafafunsa, salansarsa ta turo wani baƙin hayaƙi mai kauri wanda ya haura katanga ya sauka kan fararen tawul ɗin da mai aski ya shanya. Ya yi tari uku, ya mutu.

"Ka gani!" in ji Ƙwaƙwalwa cikin murna. "Ya motsa! Jiya ko motsi bai yi ba."

"Shi ma mai mutuwa yana motsa ƙafa," in ji Uwar Biyu daga tsallake. "Ƙanƙarata na narkewa, Injiniya. Gara wutar gari, ita in ta tafi ba ta yi wa mutum hayaƙi."

Mai aski ya ɗago tawul ɗaya da yatsa biyu. "Wannan fa, da shi zan goge wuyan mutane?"

"Ku yi haƙuri da ci gaba," in ji Ƙwaƙwalwa.

Da ya koma gida cin abincin rana, Auta ta ajiye masa kwano ta zauna tana ninke kayan yara.

"Maigida, Mai Kwayil ya ce har yanzu lokaci bai ƙure ba. Mai janaretan zai karɓi nasa ya ba da babba, in dai ba a taɓa cikinsa ba."

"Wato ke ma kina cikinsu."

"Cikin su wa?"

"Masu son a ce Ƙwaƙwalwa ya kasa."

"Ni so nake a ce mijina ya iya. Shi ya sa nake faɗa maka tun Baba bai zo ba. Gara ka ji kunyar Mai Kwayil shi kaɗai da ka ji ta layi guda."

"Ke katako kika sani. Wuta sai mu."

Auta ta dube shi, ta dubi farcensa da ya yi baƙi, ta ci gaba da ninkinta. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ta ga na mijinta ya riga ya ɗaure shi tamau. Tausayi ya ba ta, haushi kuma ya fi tausayin yawa.

Juma'a dabara ta sauko masa tun yana wanke baki. Ba Mai Kwayil da bakinsa ya ce tashi daga tsaye ne wahalar ba? To mota in batirinta ya yi sanyi me ake yi mata? Turawa. Ya sayo igiya mai kauri ya nannaɗe ta a jikin fulin zarton, wato ƙafar da bel ke zagayawa, ya tara Dogo da ma'aikata uku. Su ja igiya da gudu zarton ya fara juyawa, shi kuma ya danna maɓalli a daidai lokacin. Kafin nan ya buɗe murfin janaretan ya murɗa wani ɗan noti da ya ji an ce shi ke ƙara ƙarfin wuta, ya murɗa shi har ya ƙi gaba. Sannan ya ja sandar da ke ba injin mai har ƙarshe ya ɗaure ta da waya, don kada injin ya sake yin kasala.

"Injiniya," in ji Dogo, "in an ɗaure wannan, da me za a kashe shi?"

"Wa ya ce maka kashe shi muke so? Tada shi muke nema. Ku ja!"

Suka ja. Ƙarti huɗu suka fita da gudu ta ƙofa da igiya a kafaɗa, igiyar ta ƙare, suka zube kan juna a tsakiyar titi. Ƙwaƙwalwa ya danna. Moton ya yi gurnani, janaretan ya yi aman hayaƙi, fitilu suka yi ja, aka yi ta jan numfashi tsakanin injinan biyu. Can sai ƙarar ta sauya. Zarton ya kama gudu, yana wani siririn kuka mai daɗin ji.

Ƙwaƙwalwa ya fito titi da hannu sama. "Ina masu cewa ɗari? Ina masu cewa saba'in? A kira min Mai Kwayil ya zo ya ga karatu!"

Dogo ya taso yana kaɗe gwiwar wandonsa da ta yage. "A sa gungume mu gani."

"A'a! Gungumen farko a gaban Baba za a tsaga shi."

Ya kashe moton da sauri, ya kwance wayar sandar mai da filaya kafin janaretan ya haukace. Akwai wani ɗan wari da ke tashi kamar an bar dutsen guga kan riga, amma ya ce warin sabunta ne. Yinin ranar bai zauna ba, gida gida ya bi yana gayyata. Har wajen mai aski da Uwar Biyu ya koma ya ce gobe kowa ya kunna duk abin da ya mallaka, Baba ya ga yadda layi ke haskawa ta dalilin surukinsa.

Asabar da ƙarfe goma wurin ya cika. An share garin katako, an jera benci. Aka kawo Baba Kafinta aka zaunar da shi a kujera mai hannu da matashi a bayansa, Auta na tsaye a gefensa. Mai Kwayil ma ya zo, ya zaɓi wuri kusa da ƙofa ya tsaya, kuma duk mai hankali ya lura da hakan. Ƙwaƙwalwa ya sha farar riga, an ƙara biro ɗaya sun zama huɗu. Dogo da mutanensa suka gangaro da gungume mai kaurin da hannu biyu ba sa zagaye shi, suka ɗora a kan teburin zarto.

Ya so ya yi jawabi. Ya fara da tarihin lantarki, Baba Kafinta ya ɗaga hannu.

"Tsaga."

Aka tada janareta, aka ɗaure sandar mai, wannan karon ninki biyu don kada a ji kunya. A shagon aski an kunna fanka da rediyo da injin aski biyu da fitilu huɗu da rana tsaka. Uwar Biyu ta haɗa firjinta duka biyun har da na ƙanwarta da aka kawo aro.

Baba Kafinta ya ga ƙarti huɗu sun saɓa igiya. Ya juya wajen 'yarsa. "Su kuma waɗannan fa?"

"Cikin injin suke, Baba," in ji Auta.

"Ku ja!"

Suka ja, suka fita titi, suka zube. Moton ya yi gurnani ya daɗe yana yi, fiye da jiya. Hayaƙi ya turnuƙe har na benci na gaba suka fara fifita da hula. Da ƙyar da jiɓin goshi zarton ya kama gudu. Jama'a suka yi tafi, Ƙwaƙwalwa ya ɗan rusuna. Ya ga makullin a cinyar surukinsa, ɗaure da jan zare, har ya ji nauyinsa a aljihu.

"Dogo, tura!"

Dogo ya dawo yana ɗingishi ya tura gungumen. Haƙoran zarton suka kama itace, gari ya tashi, ƙamshin sabon katako ya bugi hanci. Zarton ya shiga taƙi ɗaya. A taƙi na biyu kukansa ya yi ƙasa, ya koma gurnani, ya tsaya cak a cikin gungumen. Moton bai san an tsaya ba, ya ci gaba da zuƙar wuta yana kuka, kuma babu abin da zai katse masa ita, don an riga an yi maganin matsoracin. Fulin ya riƙa murza bel a wuri ɗaya har bel ɗin ya yi hayaƙi.

"Janye shi!" Mai Kwayil ya ɗaga murya daga ƙofa. "Kashe moton!"

"Kar wanda ya taɓa!" in ji Ƙwaƙwalwa. "Numfashi yake ja!"

Bel ɗin ya tsinke da ƙara kamar bulala, ya tashi sama ya kwashe hular wani mutum a benci na biyu. Moton ya yi tartsatsi shuɗi ya yi shiru. Janaretan kuwa, da ya ji an sauke masa kaya ga sandar mai a ɗaure, sai ya zabura. Ƙararsa ta yi ta hawa, yana tsalle a kan ƙafafunsa yana matsowa wajen benci. Fitilun shagon aski suka yi wani fari mai kashe ido suka fashe ɗaya bayan ɗaya, fau, fau, fau. Rediyon ya yi ihu ya mutu. Wani mutum ya fito daga shagon da gudu da ƙyallen aski a wuya. A tsallake Uwar Biyu ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo firjina! Wayyo na ƙanwata! Injiniya, Allah ya isa!"

Benci suka kife, kowa ya yi ta kansa. Ƙwaƙwalwa ya murɗa makunnin janaretan, ko gezau. Ya kama wayar da ya ɗaure ninki biyu, ta ƙona masa yatsu. Ya laluba aljihu neman filaya, biro ya fito, ya sake lalubawa, wani biron ya fito.

"Ruwa! A kawo ruwa!"

"Kar ka soma!" in ji Mai Kwayil.

Auta ce ta ɗauki wani guntun falanki daga ƙasa, ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta ratsa hayaƙin. Ta fizge murfin wurin da injin ke shaƙar iska, ta kifa falankin a bakin ta danne da hannu biyu. Janaretan ya shaƙe, ya yi tari, ya yi wata girgiza, ya mutu. Aka yi tsit, ba ka jin komai sai kukan Uwar Biyu da ɗigar mai a ƙasa.

Baba Kafinta bai motsa daga kujerarsa ba, don ko ya so bayansa ba zai bar shi ba. Garin katako da baƙin hayaƙi sun yi masa fenti a gemu. Mai Kwayil ya tako a hankali, ya sunkuya ya shinshina moton, ya je ya shinshina janaretan.

"Duka biyun sun dahu," ya ce. "Na moton sati biyu zai ɗauke ni. Na janaretan kuwa mai shi ko a kyauta ba zai karɓa ba."

Ƙwaƙwalwa ya gyara murya. Farar rigar ta koma ruwan toka, gira ɗaya ta babbake. "Baba, a gaskiya lissafin daidai yake. Gungumen ne ɗanye. Kuma in aka duba, ai ya shiga taƙi biyu, wanda ke nuna cewa..."

"Busasshe ne," in ji Auta. "Ni na zaɓe shi."

"Kai da injin askina biyu!" in ji mai aski ta kan katanga. "Su ma ɗanyu ne?"

Baba Kafinta ya sake ɗaga hannu, aka yi shiru. Ya kira Dogo ya yi masa magana a kunne. Dogo ya shiga ɗakin ajiya ya daɗe yana motsa tarkace, ya fito da wani dogon zarton hannu mai tsatsa, irin wanda aka daina amfani da shi tun kafin a haifi Auta.

"Na ce gungume ɗaya a gabana," in ji tsohon. "Kai kuma ka ce an gama. Ban saba tashi in bar aiki rabi ba. Ga shi nan, wannan ba ya shan mai."

"Baba, ai ni ɓangaren ƙwaƙwalwa..."

"Mun ga wannan ɓangaren. Yanzu a nuna mana ɗayan."

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Aka ciro gungumen daga bakin injin aka ɗora a kan jakai biyu na katako, wato ƙafafun ɗora itace, aka zana masa layi da alli. Waɗanda suka gudu suka dawo, suka tada bencin suka zauna, har da waɗanda ba a gayyata ba. Ƙwaƙwalwa ya cire biro huɗun ya rasa wanda zai ba riƙo, ya ajiye su a ƙasa. Ya kama zarton ya ja, zarton ya lanƙwashe ya yi ƙara. Ya sake ja.

"Doki nawa ne wannan, Dattijo?" mai aski ya tambayi Mai Kwayil da ƙarfi.

"Sai na ga farantinsa."

"A kawo igiya a ja shi mana," in ji Uwar Biyu tana share hawaye da bakin zane. "Ko shi ma tashin ne ke ba shi wuya?"

Yana cikin ja, gumi na shiga masa ido, ya ji ƙarar makulli. Ya ɗago. Baba Kafinta ya miƙa wa Auta shi, ba jawabi ba komai, kamar mai miƙa abin da dama ajiya aka ba shi. Dogo da sauran ma'aikatan suka ajiye abin da ke hannunsu suka miƙe tsaye. Nan take Auta ta ce Mai Kwayil ya kwance moton ya tafi da shi, ya kuma rubuta mata girman janaretan da akwatin da ya ce. Ta ce wa mai aski da Uwar Biyu su zo gobe da safe a duba ɓarnar da aka yi musu. Ta sa aka kama mahaifinta aka kai shi mota.

La'asar ta yi, 'yan kallo suka gaji suka watse, ma'aikata suka wanke hannu suka tafi. Ƙwaƙwalwa bai kai ko kwatan gungumen ba, tafin hannunsa duk ya yi bororo. Auta ta zo ta ajiye masa kofin ruwa a kan gungumen, ta duba layin da ya tsaga.

"Ya karkace," ta ce. "Ka bi alli."

"Auta," ya ce da ƙaramar murya, "yanzu da ba kowa, ba sai mu tafi gida ba?"

"Baba ya ce a gama."

Ta gyara gyalenta ta nufi ƙofa, ta tsaya ta waiwayo.

"Zan je in ɗora wa yara abinci, Maigida. In ka gama ka yi min waya in zo in kulle."